Ɗakunan Tarihin Shugabannin Amurka a Texas: Inda Za a Tsaya, da Yadda Ake Ganin Takardun Najeriya

*"Assalamu alaikum. Ina karatun digiri na biyu a Houston, kuma mahaifina zai zo mini ziyara ta wata guda daga Zariya. Tsohon malamin tarihi ne na sakandare, ya yi ritaya. Ina so in ɗauki motar haya mu zaga da shi na kwana uku ko huɗu, har Dallas mu dawo. An ce mini akwai laburaren shugabannin ƙasa har uku a jihar nan. Shin wuri ne da baƙo zai shiga kai tsaye, ko sai mai bincike? Wanne ya fi cancanta mu tsaya? Sannan Baba ya ce in tambaya ko zai iya ganin takardun da suka shafi Najeriya da idonsa."*

Wa alaikumus salam. Allah ya kawo Baba lafiya. Kana son sanin ko za a bar ku ku shiga, da wanda za ku ba wa lokacinku cikin ukun, da kuma ko dattijon da ya zo da bizar ziyara zai iya zama a miƙo masa takardun gwamnatin Amurka ya karanta. Amsar ta farko da ta uku duk e ce, sai dai ta ukun tana da sharuɗɗan da idan ba ka cika su tun daga Houston ba, za ku je ku dawo Baba bai taɓa takarda ko ɗaya ba. Ta biyun kuwa ra'ayina a fili yake: Austin ce cibiyar wannan tafiya, sauran biyun raka ta za su yi.

Abin da ke cikin ginin

Kowanne daga cikin waɗannan wurare gida biyu ne a ƙarƙashin rufi ɗaya. Akwai gidan tarihi, inda kowa zai sayi tikiti ya shiga ya ga hotuna da motoci da kyaututtukan da shugabannin duniya suka kawo, da kwaikwayon ofishin shugaban ƙasa na fadar White House. Akwai kuma ma'ajiyar takardu, inda aka tara wasiƙu da rahotanni da saƙonnin ofisoshin jakadanci da faifan murya na zamanin mulkin wannan shugaba. Ba a aron littafi a tafi da shi gida. Yawancin maziyarta gidan tarihin kaɗai suke gani, su fita ba su ma san akwai ɗaya ɓangaren ba.

Franklin Roosevelt ne ya fara wannan al'ada. A 1939 ya miƙa takardunsa ga gwamnatin tarayya, aka gina musu gida a filin iyalinsa da ke Hyde Park a jihar New York, aka buɗe a 1941. Kafin nan shugaba kan kwashe takardunsa ne ya tafi da su gida a matsayin kayansa, wasu su ɓace, wasu magada su ƙona. A 1955 majalisa ta yi dokar da ta tsara abin: magoya bayan shugaba su tara kuɗi su gina, sannan a miƙa wa hukumar adana takardun tarihi ta ƙasa, wato NARA, ta riƙa gudanarwa. Bayan rikicin Watergate, abin kunyar leƙen asirin 'yan adawa da ya sa Shugaba Richard Nixon yin murabus, da jayayyar da aka yi kan faifan muryarsa, sai aka yi wata dokar a 1978 wadda ta ce daga Ronald Reagan zuwa gaba, takardun aikin shugaba dukiyar al'umma ce, ba tasa ba. Jama'a na iya neman ganinsu shekara 5 bayan ya sauka, kuma yana da ikon rufe wasu nau'o'in har shekara 12.

Baba zai gane tsarin da sauri idan ka ce masa kamar Arewa House ne na Kaduna, gidan Sardauna da ya zama wurin ziyara kuma wurin bincike, ko kuma ɗakin karatun Obasanjo da aka buɗe a Abeokuta a 2017, wanda daga wannan tsari na Amurka aka ɗauko samfurinsa.

Riƙe batun kuɗin ginin nan a ranka, domin shi ne mabuɗin fahimtar abin da za ku gani a bango. Abokan shugaba da masu ba jam'iyyarsa gudummawa su ne suka biya, kuma galibi yana raye aka tsara baje-kolin farko. Saboda haka gidan tarihin labarin mutum ne daga bakin masoyansa. Misalin da aka fi sani shi ne na Nixon a Yorba Linda, jihar California: shekara da shekaru sashen Watergate yana nuna abin tamkar makircin 'yan adawa ne, sai da NARA ta karɓi gidan a 2007 aka rushe sashen, aka buɗe sabo a 2011 wanda ya faɗi abin da ya faru. Takardun da ke ma'ajiya kuwa ba su san kara ba, ma'aikatan gwamnati ne ke kula da su, kuma sau da yawa suna ƙaryata abin da aka rubuta a bangon da ke ƙasansu.

Ukun na Texas

Na Lyndon Johnson yana harabar Jami'ar Texas a Austin, an buɗe shi a watan Mayu na 1971. Gini ne mai hawa goma, kusan babu taga, ba shi da wani kyan gani daga waje. Amma idan kuka hau babban matakala zuwa zauren tsakiya kuka ɗaga kai, za ku ga hawa huɗu na jajayen akwatunan takardu jere a bayan gilashi, kowanne da tambarin zinare a goshinsa. Shafi kusan miliyan 45 ke cikin gidan. Ka bar Baba ya tsaya a nan yadda ransa ke so, kada ka ja shi.

Abin da ya ɗaga wannan gida sama da sauran shi ne muryar mai shi. Johnson ya naɗi hirarrakinsa na waya a asirce, sama da awa 600, kuma an warwatsa kawunan tarho a cikin baje-kolin: ka ɗauka ka kara a kunne, ka ji shi yana lallashi, yana barazana, yana yabon ɗan majalisa har ya kai shi inda yake so. Ku nemi hirarsa da Martin Luther King ta 15 ga Janairu 1965 kan 'yancin jefa ƙuri'a, da wadda ya tilasta wa Sanata Richard Russell shiga kwamitin binciken kisan Shugaba Kennedy bayan mutumin ya ce ba ya so. Turancinsa na mutanen karkarar Texas ne, yana da nauyi a kunnen da bai saba ba, don haka idan akwai rubutun hirar a allo ku riƙa bi da ido. Mulkinsa daga 1963 zuwa 1969 ya ƙunshi dokar 'yancin ɗan ƙasa ta 1964, da ta zaɓe ta 1965, da dokar shige da fice ta 1965 wadda ta soke kason da ke fifita Turawan arewacin Turai. Wannan ta ƙarshen tana cikin dalilan da suka sa yau Houston ta cika da 'yan Najeriya. Ga kuma yaƙin Biyetnam da ya cinye shi har ya fasa neman zarcewa a 1968. Ku lura da yawan filin da aka ba wa nasarorin cikin gida, da wanda aka ba wa yaƙin. A hawa na goma akwai kwaikwayon ofishinsa, an ɗan rage girmansa zuwa kashi bakwai cikin takwas, da akwatunan talabijin uku da yake kallo a lokaci guda. Gidan tarihin kaɗai zai ci awa uku ga mai karanta bango, kuma malamin tarihi mai karanta bango ne.

Na George Bush uba yana College Station, a harabar Jami'ar Texas A&M, an buɗe shi a 1997. Shi ne mafi natsuwa, ba cunkoso, kuma yana kan hanyarku. Rayuwar mutumin ta fi shekaru huɗun mulkinsa faɗi: matuƙin jirgin yaƙi da aka harbo a tekun Pasifik a 1944, jakada a Majalisar Ɗinkin Duniya, wakilin Amurka a ƙasar Sin, shugaban hukumar leƙen asiri ta CIA, mataimakin Reagan na shekara takwas. Za ku ga irin jirgin da ya tuƙa rataye a sama, da wani yanki na katangar Berlin, da sashen yaƙin Tekun Fasha na 1991, da kan jirgin ƙasa mai lamba 4141 wanda ya jawo gawarsa zuwa garin a Disamba 2018. Kabarinsa da na matarsa Barbara da 'yarsu Robin, wadda ta rasu tana ƙarama, suna bayan ginin, an ratsa gefen wani tafki kafin a kai. Tafiyar 'yan mintoci ce a ƙafa, amma a rana tsaka ta bazara ba ƙaramar tafiya ba ce ga dattijo. Awa biyu zuwa biyu da rabi ta isa.

Na George Bush ɗa yana Dallas, a harabar jami'ar SMU, an buɗe shi a 2013. Ya fi sauran sabunta da na'urori, kuma tikitinsa ya fi tsada. Akwai murɗaɗɗun ƙarafan ginin cibiyar kasuwanci ta duniya da aka kai wa hari ranar 11 ga Satumba 2001, da ofishin shugaban ƙasa mai cikakken girma inda ake barin baƙo ya zauna a kujera a ɗauke shi hoto. Akwai sashen shirin PEPFAR na yaƙi da cutar ƙanjamau, wanda aka fara a 2003 da dala biliyan 15 na shekara biyar, Najeriya na cikin ƙasashe 15 da aka fi mayar da hankali a kansu. Wannan aiki ne na gaske, ya cancanci wurin da aka ba shi. Amma a nan ne kuma za ku fi ganin hannun masu gida. An kafa wani zaure inda ake ba maziyarta matsala, kamar mamaye Iraƙi ko guguwar Katrina, a saurari mashawarta a allo, kowa ya danna zaɓinsa, daga ƙarshe Bush ya fito a bidiyo ya bayyana dalilin nasa zaɓin. Dabara ce mai kyau, sai dai wanda ya tsara zaɓuɓɓukan shi ya riga ya tsara muhawarar. Idan lokaci ya ƙure a Dallas, ni zan fifita gidan tarihin hawa na shida da ke dandalin Dealey, ginin da aka harbi Kennedy daga cikinsa ranar 22 ga Nuwamba 1963, domin shi ne farkon labarin da kuka gani a Austin: a filin jirgin Love Field na garin aka rantsar da Johnson a cikin jirgi a ranar.

Takardun Najeriya

Sa'ar da kuka yi ita ce shekarun Johnson sun faɗo daidai kan shekarun da suka fi zafi a tarihinmu: juyin mulkin 15 ga Janairu 1966, na 29 ga Yuli, kashe-kashen wannan shekara, da ɓarkewar yaƙin basasa a Yuli 1967. Ofishin jakadancin Amurka a Legas yana aika rahoto Washington ba dare ba rana, ma'aikatan fadar shugaban ƙasa suna taƙaita masa, kuma a nan aka tsayar da manufar ƙin sayar wa kowane ɓangare makamai. Waɗannan takardu suna cikin tarin da ake kira National Security File, a ƙarƙashin Country File, sashen Nigeria. Rubuta sunan nan daidai, shi za ka ambata. Nijar ma tana da nata fayil, kuma Shugaba Diori Hamani ya ziyarci Johnson a Washington a 1967. Idan ziyarar Abubakar Tafawa Ɓalewa ta Yuli 1961 ce ke ran Baba, wannan zamanin Kennedy ne, takardunta suna Boston. Ta Jimmy Carter zuwa Legas a 1978 da ta Shehu Shagari zuwa Washington a 1980 suna Atlanta. Ƙarshen yaƙin basasar kuwa ya faɗa zamanin Nixon. Kowane gida shekarun mai gidan kawai yake riƙe da su, kuma wannan shi ne kuskuren da masu zuwa karon farko suka fi yi.

Ba sai mutum ɗan Amurka ne ba, ba a neman wasiƙa daga jami'a, kuma ba a biyan kuɗin shiga ɗakin bincike. Abin da ake bukata shi ne shaida mai hoto, fasfon Baba ya wadatar, da cike takardar neman zama mai bincike. Amma ɗakin yana aiki ne Litinin zuwa Juma'a kawai, ban da ranakun hutun gwamnatin tarayya, kuma a aikace sai an yi alƙawari. Mako biyu ko uku kafin tafiya, ka aika wa ma'aikatan ma'ajiyar saƙon imel ta adireshin da ke shafinsu, ka faɗi ranar zuwanku, ka faɗi cewa ku biyu ne, ka kuma taƙaita abin da ake nema. "Komai game da Najeriya" ba tambaya ba ce da za a iya amsawa. "Rahotannin Janairu zuwa Oktoba 1966" tambaya ce. Za su amsa maka da lambar akwatuna da sunayen fayiloli, wani lokaci har su nuna maka wani tarin da ba ka san da shi ba.

Shawarar da nake ba duk mai lokaci kaɗan ita ce ya fara daga gida. Ma'aikatar harkokin wajen Amurka tana buga zaɓaɓɓun takardun diflomasiyya a jerin Foreign Relations of the United States, kyauta a intanet, kuma juzu'i na 24 na shekarun 1964 zuwa 1968 na Afirka ne, da babi a kan Najeriya. A ƙasan kowace takarda an rubuta inda asalinta yake. Baba ya karanta babin a cikin makon farko na zuwansa, ya ware takardu biyar ko shida da suka ja hankalinsa waɗanda aka ce suna ɗakin Johnson, ka saka su a imel ɗin. Ribar ganin asali ita ce abin da ke kewaye da takardar a cikin fayil: wadda ta gabace ta, wadda ta biyo baya, da ɗan rubutun hannu a gefe da ba a buga ba.

A ranar, za a ba ku ɗan bayani kan ƙa'idoji, ku ajiye jaka da babbar riga ta sama da biro a akwatin ajiya. Fensir kaɗai ake shiga da shi, da waya ko kwamfuta. Ana barin ɗaukar hoton takarda ba tare da walƙiyar kyamara ba. Za a turo akwatunan a kan amalanke. Akwati ɗaya ake buɗewa a lokaci guda, fayil ɗaya ake cirewa, a saka kati a gurbinsa, kuma ba a sauya jerin takardu ko da mutum ya ga kamar an jera su ba daidai ba. Ba a lasar yatsa a juya shafi, ka faɗa wa Baba wannan cikin ladabi tun a mota. A farkon fayil za ku tarar da wata takarda mai jerin abubuwan da aka cire saboda sirrin tsaro, da kwanan wata da sunan mai aikawa. Wasu shafukan kuma an toshe layuka a cikinsu. Ana iya neman a sake duba takardar da aka rufe, amma amsa kan ɗauki watanni, har shekaru.

Kada ka sa wa Baba ran zai gano wani sirrin da masana ba su gani ba. Safiya ɗaya akwati biyu ko uku za ta ci, kuma abin da ke ciki shi ne yadda jami'an Amurka suka fahimci al'amura daga Legas, da kurakuransu da jita-jitar da aka kai musu. A gidajen Bush biyu kuwa kada ku ɓata lokaci kan bincike a wannan tafiya. Bush uba ya je Nijar da Sudan da Mali a Maris 1985 lokacin fari, yana mataimakin shugaba, Bush ɗa ya je Abuja a Yuli 2003, amma takardun da ke ƙarƙashin dokar 1978 sai an nema a rubuce an bi layi kafin a tace su a buɗe, kuma layin dogo ne.

Hanya

Daga Houston zuwa College Station kilomita 150 ne, awa ɗaya da rabi, ta babbar hanya 290 zuwa Hempstead sannan ka hau hanya ta 6. Daga can zuwa Austin kilomita 170, awa biyu, ta hanya ta 21. Austin zuwa Dallas kilomita 315 a kan I-35, awa uku idan hanya ta yi kyau, kuma ba kullum take yi ba. Dallas zuwa Houston kilomita 385 a kan I-45, kusan awa huɗu. Jimilla ta ɗan haura kilomita 1,000, kwatankwacin Kano zuwa Legas. Ƙaramar mota za ta sha galan 21 zuwa 25, wato lita 80 zuwa 95.

Ku tashi Litinin ko Talata da safe. Ku yi College Station kafin azahar, ku kwana a Austin. Rana ta biyu gaba ɗaya ta Johnson ce: bincike da safe lokacin da ido ke da ƙarfi, gidan tarihi bayan abincin rana. Rana ta uku ku bar Austin da sassafe ko bayan tara da rabi, kada ku faɗa tsakiyar masu zuwa aiki, ku yi gidan Bush ɗa a Dallas da yamma. Rana ta huɗu dandalin Dealey da safe, sai gida. Idan kwana uku ne kawai, ka yanke Dallas, kada ka matse komai. Daga Austin zuwa Houston kilomita 265 ne, kuma ranar da ka rage za ta isa zuwa gonar Johnson da ke Stonewall, awa ɗaya da 'yan mintoci yamma da Austin a kan 290, inda kabarinsa yake a maƙabartar iyali ƙarƙashin manyan itatuwa.

Abin da ya fi rusa irin wannan shiri a Texas shi ne ƙwallon jami'o'i. Daga ƙarshen Agusta zuwa Nuwamba, ranar Asabar da ake wasa a gida, College Station da Austin sukan rikice: filin wasan A&M yana ɗaukar mutum sama da 100,000, na Austin kuma yana dab da ɗakin Johnson. Kuɗin otal yana ninkawa tun daren Juma'a, wurin ajiye mota ya gagara. Haka lokacin bikin yaye ɗalibai a watan Mayu. Gidajen suna rufe ranar bikin godiya ta Nuwamba da Kirsimeti da ranar sabuwar shekara, kuma idan gwamnatin tarayya ta tsaya cak saboda rikicin kasafin kuɗi, ɓangarorin da NARA ke gudanarwa sukan rufe. Galibi ana buɗewa wajen tara a rufe biyar, wasu kuma ranar Lahadi sai tsakar rana. Tikiti yakan kama daga kimanin dala 10 zuwa kusan 30, da rangwame ga ɗalibi mai katin makaranta da kuma dattijo. Lokuta da farashi suna sauyawa, don haka shafin kowane gida shi ne hujja, ka duba shi daren da za ku tashi. 

Wajen motar haya, idan ba ka kai shekara 25 ba akwai ƙarin kuɗi a kowace rana, kuma Baba ba zai taɓa sitiyari ba sai an rubuta sunansa a yarjejeniya, in ba haka ba inshora ba ta rufe shi. Ka tambayi yadda suke cajin hanyoyin biya, domin a kewayen Houston da Austin da Dallas yawancinsu babu rumfar karɓar kuɗi, kyamara ce ke ɗaukar lamba, kamfanin ya turo maka lissafi da nasa ladan a sama. Ka iya saita taswirar waya ta kauce musu, in ban da hanya ta 130 da ke zagaye Austin ta gabas, wadda wani lokaci kuɗinta ya fi zaman cunkoson I-35 sauƙi. A kusa da Hillsboro I-35 tana rabuwa biyu: 35E ce ta Dallas, 35W ta Fort Worth ce, kuma wanda hira ta ɗauke wa hankali yakan farga ne bayan ya yi nisa. A gidan mai ka karanta rubutun famfo, mai koren hannu sau da yawa na dizal ne. Idan ɗan sanda ya tsayar da ku, ka gangara dama, ka kashe mota, hannu biyu a kan sitiyari, kada kowa ya fito sai an ce. Wannan ma ka yi wa Baba bayani tun farko, domin a gida fitowa a gaisa shi ne ladabi.

A Yuli da Agusta zafi yakan haura digiri 38, cikin ginin kuma sanyin na'ura ne mai ratsa ƙashi, saboda takardu. Ku riƙe rigar sanyi mara nauyi, da ruwa a mota, kuma maganin Baba na hawan jini ko na suga kada a bar shi a motar da ke tsaye a rana. Ana bincike a ƙofa da na'ura, don haka 'yar wuƙar aljihu da abin yankan farce su zauna a otal, babbar jaka a but, ba a kan kujera inda za a hango ta ba. Idan ƙafarsa tana damunsa, ka nemi keken guragu a teburin karɓar baƙi, ana bayar da aro. Dattawa kan ƙi da farko, bayan awa biyu a tsaye ra'ayi yakan sauya.

Kada ka sa ran ɗakin salla a cikin gidajen. Dukkan zangunan nan sun wuce nisan ƙasaru, kuma akwai masallatai a kusa: masallacin titin Nueces yana yamma da harabar jami'a a Austin, al'ummar Musulmi ta Bryan da College Station tana da nata kusa da A&M, a Dallas kuma babban masallacin Richardson yana arewa da gari, yankin da gidajen abincin halal suka yawaita. A kan hanya abinci ne matsala. Gasasshen naman shanun Texas da ake ta yabo ba yankan Musulmi ba ne sai inda aka rubuta, kuma galibi wuta ɗaya suke yi da naman alade. A garin West, arewa da Waco, za ku ga motoci cike a gaban shagunan burodin jikokin mutanen Czech; mai 'ya'yan itace ko cuku a tsakiya daban, mai tsiran alade a ciki daban, kuma ko na farkon ka tambayi irin man da aka kwaɓa shi da shi. Ya fi sauƙi ku yi guzuri daga Houston a ƙaramar kula da ƙanƙara, ku ci a wuraren hutawa na gefen hanya, waɗanda ke da tebura da inuwa da ban-ɗaki mai tsabta inda za a iya alwala.